Gurbi Uku Ba Huda

Har yau idan na ji wani yaro ya ce kwamfuta ba ta ƙarya, sai in ji wuyana ya ɗau zafi. Ba ta ƙarya, haka ne. Jaki ma ba ya ƙarya, amma ba wanda ya taɓa aikensa ya je ya ji ta bakin mutane ya dawo ya ba da labari. Mu kuwa mun aika, kuma na san wanda ya kwana a ciki.

'Yan shekaru ne bayan an sauke tutar Turawa, ana kashe fam da sule, na sami aiki a wani ofishi a Zariya inda aka kawo irin wannan na'ura. Ba ma ce mata kwamfuta a lokacin, inji kawai muke cewa. Ya cika ɗaki guda, kuma ɗakinsa kaɗai ke da sanyi a duk ginin, mu 'yan Adam muna waje muna fifita da kwali. Aikina shi ne huda kati. Katin nan bai fi tafin hannu biyu ba, an raba shi gurbi tamanin, kowane gurbi yana ɗaukar harafi ɗaya ko lamba ɗaya. In aka kawo takardu sai in zauna ina bugawa, ana fasa wa katin ƙananan huda, don injin ba ido gare shi ba, hudar yake lalubawa. Kafin a ba shi katunan sai an rubuta masa umarni: daga gurbi kaza zuwa kaza sunan gari ne, daga kaza zuwa kaza lamba ce, karanta ka tara. Sauran a ofishinmu ake rubutawa, amma shi umarnin karantawar da shi injin ya zo tun daga ƙasar da aka ƙera shi. Ba wanda ke buɗe cikinsa, kiransa kawai ake yi, kamar yadda ake kunna famfo ba a tambayar inda ruwan ya biyo.

Ni ɗan Makarfi ne. Mahaifina manomin dawa da rake ne, amma mahaifiyata daga rugar da ke bayan Saulawa aka auro ta, cikin Fulanin da suka daɗe da zama har suna noma. Yayanta, Kawu, shi ke riƙe da garken gidansu. Dogo ne, marar yawan magana, yana jin Hausa kamar kowa amma da Fulatanci yake yi wa shanu faɗa. Ya san kowace saniya da uwarta da kakarta, ya san wadda ke satar shiga gona da wadda ba ta yarda a tatse ta sai an yi mata kirari. In ɗaya ta ɓata, kafin garken ya gama shiga zai ce wance ba ta dawo ba. Abu guda ne ba ya yi, ba ya ƙirga su.

Na koyi wannan ne da bakina. Ina sabon shiga elementare aka kai ni hutu, na tsaya a bakin garke ina nuna su da yatsa, ina ɗaya, biyu, uku, don a san na fara ilimi. Ban kai goma ba na ji bayan hannu a leɓena.

«Kul,» in ji Kawu. «Ba a ƙirga dukiya a gabanta. Baki yana kama ta.»

Mutanen gari sukan ce tsoron jangali ne kawai ke hana Fulani faɗin yawan shanunsu. Akwai wannan, ba na musu. Amma ni na ga Kawu a tsakiyar daji, ba ɗan doka ba mai karɓar haraji, an tambaye shi cikin raha, ya yi murmushi ya ce alhamdu lillahi, ya kawo zancen ruwa. A cikin garken nan akwai shanun mahaifiyata, jikokin wata farar saniya da aka ba ta tun ranar sunanta. Da nononsu aka yaye ni. Duk wanda ya zo daga Saulawa, kafin ta tambayi lafiyar mutane sai ta tambayi tasu.

To, a wata shekara aka fara jin labarin ciwon huhu yana gangarowa daga arewa yana cin shanu. Akwai allurar rigakafi, amma ba ta da yawa, kuma ba ta rayuwa sai cikin ƙanƙara. Motar jif ɗaya masu allurar ke da ita a duk ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan. Sai manya suka ce tunda yanzu mun ci gaba, ba za a bi ta kan sarakunan Fulani ana zato ba. A tura malamai su bi ƙauye da ruga su rubuta yawan shanun kowa, a kawo wa inji ya tara, ya faɗi inda shanu suka fi yawa, can jif za ta fara zuwa. Ni ma na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na ga ranar da aikina zai yi wa dangina amfani ta zo.

Takardun suka zo teburina. An ware wa yawan shanu gidaje uku a takarda, gurbi uku a kati. Ina cikin bugawa na fara ganin wasu an bar wurin fari fat, kuma yawancinsu na rugage ne. Da na iso kan ta Kawu sai da na yi dariya ni kaɗai, don ina ganin yadda aka yi: malami ya tambaya, Kawu ya ce alhamdu lillahi, ya sa an kawo masa fura. A gefen takardar malamin ya rubuta da fensir, «Ya ƙi faɗa, amma suna da yawa.»

Na ɗauki takardun na tafi wurin shugaban ɗakinmu. Da Bature ne da na yi masa uzuri. Bazazzagi ne, ɗan gari, an tura shi Ingila ya koyo aikin, kuma shi ya rubuta umarnin wannan lissafi. Ya girma yana shan nonon da matan Fulani ke kawowa birni a ka.

«Yallaɓai,» na ce, «waɗanda ba su faɗi yawan shanunsu ba fa, yaya zan yi da su? In buga abin da malamin ya rubuta a gefe?»

«Ka buga harafi a gurbin lamba?» Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. «Da ya ci karo da harafi ɗaya zai tsaya cak, ya watsar da aikin gaba ɗaya. Kada ka kuskura.»

«To in sa abin da nake zato? Wannan rugar na san ta, ta kawuna ce.»

«Zato aka ɗauke ka yi ko bugu? Abin da aka rubuta ka huda, abin da ba a rubuta ba ka tsallake.»

Na tsallake. Gurbi uku ba huda, na wuce kati na gaba. Kuma bari in faɗa tun yanzu, ban ɗauki laifin nan a wuyana ba a lokacin, ba kuma zan ɗauka yanzu da furfura ba. Na tambaya, an ba ni amsa. A hankalin kowane mai hankali, wurin da ba a rubuta kome ba ma'anarsa ba a sani ba, sai a koma a sake tambaya.

Aka ba inji katunan, ya haɗiye, ya amayo doguwar takarda. Aka yage ta aka aika wa manya ban ko gan ta ba, don ba a nuna wa mai huda kati sakamako. Sai daga baya, da aka sa ni jera kwafin a kabad, na ce bari in duba wajenmu. Na bi da yatsa har Saulawa. Rugar Kawu, sifiri. Ta maƙwabcinsa, sifiri. Rugagen da na sha bi ina yaro ina tsallake kashin shanu don yawansa, duk sifiri reras, kamar an share ƙasar da tsintsiya.

Ban san lokacin da na faɗa ofishin shugaba ba ko sallama.

«Yallaɓai, injin ya yi kuskure!»

Ya karɓi takardar ya duba a natse. Sannan ya miƙa hannu ya zaro wani ƙaton littafi, wanda ya zo tare da injin, ya buɗe wani shafi ya juyo mini da shi. Yana nan a rubuce, baƙi a kan fari, cikin ƙananan haruffa: idan umarnin karanta lamba ya tarar da gurbi ba huda, sifiri yake ɗauka.

«Ka gani,» ya ce. «Bai yi kuskure ba. Haka aka yi shi.»

Haka aka yi shi! Shekara da shekaru ke nan, kuma har yanzu in na tuna kalmomin nan sai in ji kamar in fasa wani abu. Wato wani mutum ya zauna a can ƙasarsu mai sanyi, mai ilimi, an biya shi, ya yanke hukunci cewa shiru da babu abu ɗaya ne. Ya kuma yi shi yadda abin ba zai ko yi tari ba in ya tarar da shirun. In ka ba shi harafi sai ya yi zuciya ya tsaya, kowa ya sani. In ka ba shi shiru sai ya haɗiye ya ce sifiri, ya wuce abinsa fuska a sake. Gaba kura, baya sayaki, kuma ba wata ƙofa ta uku da mutum zai ce «ban sani ba» ko «ya ƙi faɗa». A ƙasar da ko ɗan yaye ya san shiru ma magana ce, aka kawo mana mai sauraren da ba ya jin ta.

«Amma yallaɓai ka san da wannan shafin tun ranar da na tambaye ka?»

«Na sani.»

«Ka kuma san Fulani ba sa faɗa?»

«Wanda ya ƙi faɗa ai shi ya so,» ya ce, yana mayar da littafin. «Sai su koyi faɗa. Zamani ya canja.»

An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Na roƙe shi a ware waɗanda ba huda, a sake ba injin. Ya ce injin ba namu ba ne mu kaɗai, layi ake bi, namu ya wuce sai wata shekara, kuma takarda ta riga ta isa hannun manya, bakin alƙalami ya bushe. Na faɗi maganganun da bai kamata yaro ya faɗa wa na gaba da shi ba. Bai kore ni ba, ya dai ce in je in sha ruwa. Wannan sanyin nasa ya fi zagi ƙona mini rai.

Ranar Asabar na hau motar kasuwa zuwa Makarfi, na nufi wurin malamin dabbobi da ke jagorantar masu allurar. Na same shi zaune a gindin jif, shi ma yana huci. Kafin in gama bayani ya katse ni.

«Au, kai ne na wajen injin? Zauna, malam, zauna in ba ka labari. Takardarku ta ce akwai mai shanu ɗari biyu a nan cikin gari. Muka zo da ƙanƙararmu da allurarmu, muka ce a kai mu gidan wannan attajiri. Ka san wa aka nuna mana? Tela! Telan bakin kasuwa, da bijimai biyu da yake turkawa a bayan gida. A Dandamisa an ce ɗari bakwai, muka tarar da bakwai, ɗaya ma ɗan maraƙi ne.»

Ban buƙaci a yi mini bayani ba, nan take na gane. Malamin da ya yi rubutun ya sa biyunsa a gidan farko na takardar, ya bar sauran gidaje biyun fari, ni kuma na huda yadda na gani. Injin ya karanta biyu, ya tarar da gurbi ba huda ya ce sifiri, ya sake tarar da wani ya ce sifiri. Biyu ta zama ɗari biyu. Cutar da ta share garken Kawu a takarda ita ce ta mai da tela Arɗo. An ce telan har ya kwana biyu yana ɓuya, yana tsammani jangali aka zo karɓa.

Da wani lokaci ne da na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce masa to ga rugagen bayan Saulawa can cike da shanu, a juya jif mana.

«Da me?» ya ce. «Ƙanƙarar ta narke muna yawon neman shanun da babu. Abin da aka buɗe ya lalace, mun zubar. Ɗan abin da ya rage na ƙasar Kudan ne, kuma takarda nake bi, in na kauce ni za a tuhuma. Ko da ma ina da ita, ruwa ya sauka, jif ba ta ƙetare rafin nan sai kaka.»

Ban ga laifinsa ba. Na tafi Saulawa a ƙafa daga inda mota ta ajiye ni, na ce wa Kawu ya kora shanun ya bi masu allura Kudan ko za a dace. Ya dubi gonakin da suka kewaye mu, dawa ta kai gwiwa ko'ina, ya ce ta ina? Wanda ya kora garke ta cikin shukar mutane a irin wannan lokaci ba allura zai samo ba, gaban alƙali zai kwana. Ban gaya masa abin da takarda ta ce a kansa ba. Na ce dai allurar ce ba ta isa ba, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Ciwon ya iso kafin a yanke gero. Wanda bai taɓa ganin saniya mai ciwon huhu ba, ina yi masa fatan kada ya gani. Sai ta ware daga 'yan'uwanta ta tsaya, ta buɗe ƙafafun gaba, ta miƙe wuya tana neman iska, tana wani ɗan tari kamar tsoho. Ba ta kwanciya, don kwanciyar ta fi ciwo. In ta kwanta kuwa shi ke nan. Kawu da 'ya'yansa suka yi ta jiƙa sassaƙe, suka yi ta lalas da ƙarfe, suka raba garken gida biyu, duk a banza. Waɗanda suka fara rama mahauta suka zo suka kwashe a wulaƙance, sauran kuma ungulu. Da aka aiko wa mahaifiyata cewa ta ƙarshe cikin jikokin farar saniyarta ta faɗi, ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko ƙwaryar da take ajiye wa nonon gida, ta wanke ta, ta kife a kan rumbu, ba ta sake taɓa ta ba.

Na je yi wa Kawu jaje da kaka. Na tarar da shi zaune a bakin garken, turaku a tsaye, igiyoyin 'yan maruƙa a rataye, ciyawa har ta fara tsirowa a inda kofato bai taɓa barin ta ta fito ba. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi mahaifina da aiki da mutanen birni. Sannan ya ce:

«Ɗan nan, malamin dabbobi ya ce wai injinku ne ya hana a zo mana. Me ya ce ina da shi?»

Na sunkuyar da kai. «Ya ce ba ka da ko ɗaya, Kawu.»

«Wa ya gaya masa?»

«Ba kowa. Shiru ka yi, shi kuma in an yi shiru sai ya ɗauka babu.»

Ya daɗe yana kallon turakun. Ni na shirya ya zage ni, ko ya zagi boko da wanda ya kawo shi, da na ji sanyi. Bai yi ba.

«Ni da na hana ka ƙirga don gudun baki,» ya ce. «Ashe abin naku kambun baka gare shi. Ya faɗa, ta tabbata.»

Daga baya na bar huda kati na zama mai rubuta umarni da kaina, na yi ta yi har na tsufa. Ban sake yarda da umarnin karantawa na kowane inji ba. Duk abin da aka shigar, sai in sa a ɗauko mini shi yadda yake, harafi harafi, in duba da kaina ko lamba ce, ko magana ce, ko shiru ne, kowanne da gidansa. Abokan aiki suka yi ta yi mini tsiya wai ina wahalar da kaina, ga hanya an share. Injuna suka ƙanƙance har suka shiga aljihu, yarukansu suka canja, amma halin bai mutu ba. Akwai wanda na gani da idona a sababbin, in ka ba shi kalma a wurin lamba sai ya miƙo maka sifiri ba tare da ya ce uffan ba. Akwai wanda in ya kasa karantawa sai ya bar maka lambar mutumin da ya gabata, ka ɗauka ta wannan ce. Yaran da na koya wa aiki sun san ni da masifa a kan wannan, suna ce mini tsoho mai faɗa da sifiri. Ban taɓa ba su labarin dalili ba.

Amma kafin duk wannan, shekarar da ta biyo bayan ciwon, an sake tura malamai ƙirga, takardu suka sake zuwa teburina. Shugaba ya sa an ƙara doka a saman kowace takarda cewa dole a cika gidajen nan uku, kada a bar ko ɗaya fari. Umarnin karantawa kuwa yana nan yadda yake, mutane aka gyara. Na yi ta bugawa har na iso Saulawa. Wannan karon Kawu ya amsa. Malamin ya cika gidajen uku da sifiri, ya kuma rubuta a gefe da fensir, «Ya ce a rubuta babu.»

Na huda su da hannuna, ɗaya bayan ɗaya, huda uku na gaske. Da sakamako ya fito na ɗauko na bara na ajiye kusa da na bana, na bi layin Kawu da yatsa. Iri ɗaya ne sak. Injin bai ga wani bambanci ba.